Babbar Kwamfuta Da Masu Ƙirgar Goro

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa mu kan ji labarin manyan kwamfutocin da masana ke bincike da su, sai mu ce wannan sha'anin Turawa ne, ko na 'ya'yan masu hali. Ni dai ban yarda ba. A ganina ƙofar wannan ilmi tana cikin ajin firamare, mu malaman gobe kuwa mu ke riƙe da mabuɗinta.

Bari mu fara da sanin abin. Babbar kwamfuta ba inji guda ba ce, taron ƙananan injuna ne, ɗaruruwa ko dubbai, an haɗa su da wayoyi masu sauri domin su yi aiki ɗaya tare. Da ita a ke lissafin zuwan damina, da yaɗuwar cuta, da halin irin shuka. A 2022 wata mai suna Frontier a Amurka ta kai ga yin lissafi biliyan sau biliyan cikin daƙiƙa guda.

To, wanda ya san cinikin goro a Sabo ba zai sha wuyar gane dabarar ba. In goro ya taru, mai gida ba ya ba mutum ɗaya ƙirga. Sai ya raba wa yaransa, kowa ya ƙirga nasa ƙwarya ƙwarya, watau ɗari ɗari, sa'an nan mai riƙe da littafi ya haɗa jimla. Haka nan mai bincike ke tsinka lissafinsa gunduwa gunduwa, ya ba kowane inji rabonsa, a ƙarshe ya tattara amsa.

Amma akwai aikin da ba ya rabuwa. Ko ka tara direba ɗari, motar goro ba za ta isa Kano cikin sa'a guda ba. Wani masani, Gene Amdahl, ya bayyana wannan a 1967. In kashi ɗaya cikin goma na aikinka ba ya rabuwa, ko an ba ka inji dubu saurinka ba zai wuce ninki goma ba. Ashe ƙarfin inji ba ya maganin rashin tsari. Mutum ne ke duba aiki ya ce wannan ya rabu, wancan sai bi da bi.

Saboda haka mai son farawa kada ya yi gaggawa. Ya fara koyon ba da umurni a rubuce cikin Linux, gama manyan injunan nan da shi su ke aiki. Ya koyi harshe guda na tsara aiki, kamar Python. Ya gwada lissafinsa ƙarami a kwamfutarsa har ya tabbata amsa daidai ne. Sa'an nan ya nemi izni a cibiya. Can ma ba a rububi. Akwai tsari irin su Slurm, inda za ka rubuta inji nawa ka ke so, sa'a nawa, ka shiga layi. Wanda ya roƙi abin da ya fi bukatarsa ya kan daɗe yana jira, ya kuma tare wa wasu hanya.

Na san wani zai ce, ina mu ina wannan, ga tsada, ga rashin wutar lantarki? Gaskiya ne, amma ba a ce kowace makaranta ta sayi tata ba. Cibiya guda ta kan ɗauki jami'o'i da yawa, kamar ta birnin Kef a Afirka ta Kudu, wadda ta ɗora injinta Lengau a 2016, masu bincike suna aika mata aiki daga nesa ta intanet. Garin nan namu kuma ba baƙo ba ne a wannan fage. An kafa jami'ar Ibadan a 1948, a 1963 kuma kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyar da aikin kwamfuta a cikinta. Daga Sabo zuwa ƙofar jami'ar tafiyar mota ce kaɗan, unguwar kuwa tun 1916 ta ke nan. Abin da ke raba yaron Sabo da wannan ƙofa ba hanya ba ce, shiri ne.

Abin tsoro shi ne a riƙa bincike a kan shanunmu, da goronmu, da harshenmu, 'ya'yanmu suna tsaye a waje sai an gaya musu amsa. Don haka in an ba mu aji, kada mu tsaya ga haddar jadawali kaɗai. Mu ba yara babban lissafi, mu sa su raba shi tsakaninsu, su haɗa jimla, su gano inda kuskure ya shiga, su faɗi wane sashe ne ba ya rabuwa. Alli da allo sun isa wannan. Yaron da ya iya haka, ran da ya zauna gaban babbar kwamfuta ba zai ji ta baƙuwa ba.

Allah ya ba mu ikon yi.