Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A shekarar 2013 aka shigar da Hausa cikin manhajar fassara ta Google. Mu manazarta harshe da adabi me muka yi? Zama muka yi a ofisoshinmu muna dariyar kwaɓar da na'ura take yi, kamar ba harshenmu ake kwaɓawa ba. Ai wannan dariya kanmu muke yi wa.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka ɗura mata. In an ciyar da ita da rubutun da bai bambanta "kafa" da "ƙafa" ba, ko "bari" da "ɓari", to haka za ta amayar. Tun 1991 aka tanadi haruffanmu masu lanƙwasa a tsarin Unicode, amma har yau a cikinmu akwai mai buga takardar jarrabawa ba ƙugiya ko ɗaya. Wa ya cuce mu?

Su ma masana na'ura ba su kuɓuta ba. Wasunsu gani suke Hausa tarin kalmomi ce da za a kwaso daga intanet a zuba a buhu. Su gaya mana, yaya injin zai gane "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa, alhali bokon yau da kullum bai nuna karin sauti? Wa zai koya masa ɗigon imala a rubutun ajami, in ba wanda ya durƙusa gaban malami ba?

Mu da muke koyo da koyar da Hausa a nan Kudu mu muka fi kowa bukatar wannan haɗin guiwa. Ɗalibinmu sai ya yi doguwar tafiya zuwa Kaduna ko Sakkwato kafin ya ga rubutun hannu guda na waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Ga gara da damina ba su jiran kowa. Ƙamusun Bargery na 1934 yau yana intanet domin wasu sun haɗa ilmin harshe da na na'ura.

Saboda haka mu daina jiran a zo a roƙe mu. Sashen kwamfuta ba a bayan duniya yake ba, cikin harabar nan yake. Mu ɗauki littattafanmu mu ƙwanƙwasa musu ƙofa, a tsara aiki tare tun daga tushe, sunan kowa ya fito a kansa. In mun ƙi, wasu za su yi mana aski a bayan idonmu. Allah ya sa mu farga.