Zanen Daji A Amurka: Amana Ko Haja?

Cikin shekarar 2005 Babban Ɗakin Karatu na birnin New York ya sayar da wani zane wanda Asher Durand ya yi a 1849, mai nuna mutum biyu tsaye bisa dutse cikin dajin Catskill. An ce kuɗinsa ya kai dala miliyan 35. Alice Walton ce ta saya, yanzu kuwa yana jihar Arkansas. Jama'a da yawa suka yi gunaguni, gama kyauta aka ba ɗakin karatun a 1904.

To, me ya sa zanen itatuwa da duwatsu ya ta da hankali haka? Dalili shi ne Amurkawa ba su gaji tsofaffin fadoji irin na Turai ba, sai suka mai da dajinsu abin alfahari. Thomas Cole ya buɗe wannan hanya a 1825 da zanen ƙasar kogin Hudson. A 1871 Thomas Moran ya bi masu awon ƙasa zuwa Yellowstone, zane-zanensa suka taimaka har Majalisa ta keɓe wurin a 1872, ta kuma sayi babban zanensa dala 10,000. Amma galibin zane-zanen nan sun nuna ƙasa kamar ba mai ita, alhali kuwa ana korar 'yan asalinta.

Hukumar ɗakin karatun ta ce kuɗin sayen littattafai ta ke bukata. Lalle wannan hujja ce, ba mu raina ta ba. Duk da haka a ganinmu abin da aka ba hukuma kyauta domin jama'a amana ce, sau ɗaya tak a ke cin kuɗinsa. Duk ma'aikacin da ke riƙe da kayan jama'a ya kamata ya lura da wannan.