A Ɗauki Sababbin 'Yan Ƙungiya Da Rana Tsaka

Sanin kowa ne cewa duk lokacin da aka buɗe sabuwar shekarar karatu, babu wanda ake rububinsa a jami'a kamar sabon ɗalibi. Ya baro gida, bai san kowa ba, yana neman wanda zai kira ɗan'uwa, ga kuma ƙungiyoyi iri-iri kowace na yafuto shi. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu duba yadda jami'o'in Amurka suka yi ta fama da ƙa'idojin ɗaukar sababbin mutane cikin ƙungiyoyinsu na 'yan'uwantaka, domin kuwa akwai darasi a ciki wanda ya shafe mu kai tsaye.

Waɗannan ƙungiyoyi, waɗanda ake raɗa wa suna da haruffan Girkanci, sun daɗe. Phi Beta Kappa ta fara a Kwalejin William and Mary a 1776, Kappa Alpha kuma ta biyo baya a Kwalejin Union ta Jihar New York a 1825. Da aka ƙi karɓar baƙaƙen fata sai suka kafa nasu. Alpha Phi Alpha, wadda aka kafa a Jami'ar Cornell a 1906, ita ce ƙungiyar Martin Luther King, Phi Beta Sigma kuwa, ta Jami'ar Howard a 1914, ita ce Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka shiga. Ashe ke nan ba za mu ce babu alheri a cikinsu ba, tun da sun ba ɗalibai masauki da abokan shawara da zumuncin da ya wuce kwanakin makaranta.

Hanyar shiga dai hawa uku ce. Da farko akwai kwanakin zawarci, inda ƙungiyoyi ke buɗe gidajensu, ɗalibai su zagaya, a ga juna. Sa'an nan ƙungiya ta miƙa goron gayyata ga wanda ya kwanta mata a rai. Daga nan sai zaman gwaji na makonni, lokacin da yaro ya amsa gayyata amma ba a rantsar da shi ba tukuna. To, a wannan hawa na uku ne gizo ke saƙa. Yaron ya riga ya ƙwallafa rai, na gaba da shi kuma sun san haka, saboda haka duk abin da suka umurce shi zai yi: gwale-gwale, hana barci, duka, da ɗura masa barasa fiye da abin da jiki zai ɗauka.

Abin da ya faru a Jami'ar Jihar Pennsylvania a watan Fabrairu na 2017 ya isa misali. Timothy Piazza, ɗan shekara 19, an ba shi barasa sau 18 cikin minti 82 a daren da ya amsa gayyatar Beta Theta Pi. Ya faɗo daga matakalar bene, waɗanda yake fata su zama 'yan'uwansa kuwa suka yi kusan awa 12 ba su kira motar asibiti ba, har abin ya zama ajalinsa. A shekarar ne kuma Max Gruver ya rasu ta hanyar barasa a Jami'ar Jihar Louisiana. Jihohin biyu duka sun tsananta dokokinsu a 2018, kowace ta sa wa dokar sunan yaron da ta rasa.

Gyare-gyaren da aka yi sun kasu kashi uku. Na ɗaya, jinkirta zawarci: Jami'ar Jihar Pennsylvania ta hana a ɗauki ɗalibi sai ya kammala zangon karatu ɗaya da sakamako mai kyau, watau sai idonsa ya buɗe. Na biyu, gajarta zaman gwaji ko soke shi: a 2014 ƙungiyar Sigma Alpha Epsilon ta yanke cewa duk wanda ya amsa gayyata lalle ne a rantsar da shi cikin awa 96. Na uku, kawar da barasa mai ƙarfi: babbar majalisar ƙungiyoyin, wadda aka kafa tun 1909, ta hana duk abin shan da ƙarfinsa ya haura kashi 15 cikin 100 a gidajen ƙungiyoyinta daga watan Satumba na 2019, sai fa in mai lasisin sayarwa ne ya kawo.

Amma fa doka a takarda daban, aiki da ita daban. Manyan ƙungiyoyin baƙaƙen fata sun soke zaman gwaji tun 1990, bayan mutuwar wani ɗalibi a Kwalejin Morehouse a 1989. Sai al'adar ta koma ƙarƙashin ƙasa, ana yin ta da dare a bayan gari. Shekara 35 bayan sokewar, a watan Fabrairu na 2025, Caleb Wilson na Jami'ar Southern a Louisiana ya mutu bayan an naushe shi a ƙirji a wani ɗakin ajiyar kaya da ke wajen makaranta, yana neman shiga Omega Psi Phi. Haka kuma a 2022 waɗansu ƙungiyoyi sun gwammace su yanke hulɗa da Jami'ar Kudancin California da su bi ƙa'idojinta. Mu a ganinmu, ƙa'idar da 'yan ƙungiya kaɗai ke gadinta ba ta kare kowa, sai an sami idon wani na waje a kanta. Ga alama hukumomin Amurka sun gane haka, domin dokar tarayya da Shugaba Biden ya sa wa hannu a watan Disamba na 2024 ta wajabta wa jami'o'i su riƙa ƙidaya irin wannan cin zali cikin rahotonsu na tsaro na shekara-shekara, su kuma bayyana sunan duk ƙungiyar da aka kama da laifi, kowa ya gani.

Kada wani ya ce wannan labarin ƙetare ne, ina ruwanmu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle ma namu ya riga ya sha ƙuna. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙar ƙabilanci da girman kan 'yan boko. Daga baya aka sami Eiye, Buccaneers suka ɓalle a 1972, Black Axe ta ɓullo a Jami'ar Benin a 1977. Pyrates ta janye daga harabar jami'o'i a 1984, amma sauran suka ci gaba da ɗaukar yara a daji cikin dare, da rantsuwar da ba ta da ƙofar fita. A ranar 10 ga Yuli, 1999, 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, cikinsu har da George Iwilade, babban sakataren Ƙungiyar Ɗalibai. Gwamnatin Obasanjo ta ba shugabannin jami'o'i wa'adi su kawar da annobar, aka yi ta taron tuba a bainar jama'a, amma har yanzu ba a rabu da ita ba.

Ba muna kwatanta halattattun kulob-kulob da ƙungiyoyin jiha da na sashe da 'yan asiri ba ne. Abin da muke cewa shi ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce ɗaukar mutum a ɓoye. Saboda haka muna kira ga Majalisar Ɗalibai da ofishin kula da harkokin ɗalibai su tsayar da sharuɗɗa huɗu. Kada wata ƙungiya mai rantsar da mutane ta ɗauki ɗalibi a zangonsa na farko. A yi kowane taron ɗauka da rana, cikin harabar jami'a, a gaban malamin da ke uban ƙungiyar. A miƙa sunayen shugabanni da na sababbin shiga ga hukuma, a kuma manna sunan duk ƙungiyar da ta karya doka a allon sanarwa. Sa'an nan a rubuta cikin tsarin kowace ƙungiya cewa mai son fita zai fita, ba tara, ba barazana, kuma wanda ya kira taimako don ceton rai ba za a hukunta shi ba.

Ku kuma ƙannenmu sababbin zuwa, in an gayyace ku, ku yi tambaya uku: ina za a yi taron, da wane lokaci, wa kuma zai halarta daga hukuma? Wanda ya ce kada ku gaya wa kowa, to ya riga ya ba ku amsa. Ku tuna Tsarin Mulki na 1999 ya hana ɗan ƙungiyar asiri tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa, watau rantsuwar dare ɗaya tana iya bin mutum har ƙarshen rayuwarsa. Iyayenku karatu suka aiko ku, suna kuma jiran ranar da za ku koma musu da ƙafafunku. Allah ya tsare mu, ya sa mu gama lafiya, amin.