Jarumi a cikin kwali: Wa ke cin ribar 'yan tsanar Superman?

A watan Janairun 2003 wata alƙaliya mai suna Judith Barzilay, ta Kotun Cinikayyar Ƙasa da Ƙasa ta Amurka da ke New York, ta yanke hukunci a kan wata tambaya da duk wanda ya ji zai zaci wasa ake yi: shin jaruman X-Men mutane ne ko ba mutane ba ne? Kamfanin Toy Biz ne ya shigar da ƙarar. Yana shigo da ƙananan mutum-mutumin roba na waɗannan jarumai daga China, kuma a shekarun da ake jayayya a kansu dokar kwastan ta Amurka ta ɗora harajin kashi 12 cikin ɗari a kan 'yar tsana mai siffar ɗan Adam, alhali sauran kayan wasa kashi 6.8 suke biya. Sai lauyoyin kamfanin suka dage cewa mai farata na ƙarfe ko shuɗiyar fata ba mutum ba ne. Alƙaliyar ta duba 'yan tsanar ɗaya bayan ɗaya, ta ba kamfanin gaskiya.

Masu karanta mujallun X-Men sun ji haushi, kuma suna da dalili. Tun 1963 jigon labarin shi ne fafutukar wasu mutane da aka haifa da baiwa ta daban, suna neman a yarda su ma 'yan Adam ne. Ga shi kamfanin da ke da alhakin labarin ya je gaban shari'a ya musanta hakan don ya rage kuɗin fito. Na fara da wannan shari'a ne saboda ta nuna inda zuciyar wannan harka take. Mai tara 'yan tsanar jarumai yana ganin Batman ko Spider-Man a kan kantarsa, shi kuwa kamfani lasisi yake gani da lissafin riba.

Ba na cikin masu yi wa waɗannan mutane dariya. Idan mai karatu ya taɓa cin karo da bidiyon wani magidanci a Amurka ko Japan yana nuna ɗaki guda cike da durowoyin gilashi, an jera jarumai ɗaruruwa, wataƙila abin da ya fara zuwa masa shi ne mutumin ya rasa abin yi da kuɗinsa. Amma sha'awar tara abu tsohuwa ce a wurin ɗan Adam. Wani kan sarki yake tarawa, wani tsofaffin kuɗi, wani tantabaru, kuma iyayenmu mata sun san darajar jeren kwalla da tasoshi a ɗaki. Wanda ya kai shekara hamsin ya sayi irin Batman ɗin da mahaifinsa ya kasa saya masa yana ɗan shekara takwas, ba roba ya saya ba, wani ɓangare na ƙuruciyarsa ya fanso. Wannan ba abin zargi ba ne. Inda nake da magana shi ne wurin da aka mayar da sha'awar ta zama alkawarin arziki.

Sana'ar ma da dabarar talla ta fara. A 1964 kamfanin Hasbro ya fito da G.I. Joe, wani soja mai tsawon kusan inci 12 wanda gaɓoɓinsa ke motsi. Sanin cewa yaro namiji ba zai yarda a ce yana wasa da 'yar tsana ba, sai kamfanin ya guji kalmar baki ɗaya, ya raɗa wa abin sabon suna mai nuni da gwagwarmaya. A 1972 kamfanin Mego ya kawo jaruman mujallu cikin wannan kasuwa da 'yan tsana masu inci 8 sanye da tufafin yadi, ya fara da Superman, Batman, Robin da Aquaman, daga baya ya ƙara da su Spider-Man. Zuwa 1984 kura ta juya da mai kora: Marvel ya wallafa jerin mujallu 12 masu suna Secret Wars musamman don tallafa wa 'yan tsanar da Mattel zai sayar. Da can labari ke haifar da abin wasa, yanzu abin wasa ya fara haifar da labari.

'Yan tsanar Mego na wancan zamani da suka tsira cikin kwalinsu suna tsada a yau, kuma dalilin a bayyane yake. Yara aka yi wa su, yara kuwa suka yi abin da suka saba: suka yage kwalin, suka ɓatar da takalmin, suka karya hannun, iyaye mata suka share sauran suka zubar. Kaɗan ɗin da suka rage su ne suka yi daraja. Haka abin yake ga mujallun kansu. Fitowar farko ta Action Comics, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta a 1938, santi 10 aka sayar da ita, amma a watan Afrilun 2024 an yi gwanjon kwafi guda a kan dala miliyan 6, domin kwafin da suka rage a duniya ba su taka kara sun karya ba.

To amma da zarar kowa ya ji wannan labari ya fara adanawa, dalilin tsadar ya gushe. An gwada, an gani. A 1991 fitowar farko ta sabon jerin X-Men ta sayar da kwafi sama da miliyan 8, saboda mutane na sayen biyar ko goma suna rufewa a leda da fatan za su biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a da su. A ƙarshen 1992 aka sake yin irin wannan rububi a kan mujallar da aka kashe Superman a cikinta, wanda bai yi shekara ba aka dawo da shi. Abin da mutum miliyan suka ɓoye ba zai taɓa yin wuyar samu ba. Kasuwar ta rushe, shagunan mujallu da dama suka rufe, kuma a watan Disambar 1996 Marvel da kansa ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi. Wa ya karɓe shi a 1998? Toy Biz, mai yin 'yan tsana, wannan dai da ya je kotu a kan mutuntakar X-Men. Shekara 11 bayan nan Disney ya sayi Marvel a kan kimanin dala biliyan 4.

Duk da haka har gobe ana sayar wa manya 'yan tsana da lafazin "kaɗan aka buga" da "na masu tarawa ne kawai". Akwai kamfanonin da aikinsu shi ne duba lafiyar kwali su ba shi maki, su rufe shi cikin akwatin roba mai haske wanda ba a buɗewa. Abin wasan da aka yi wa gwiwa da gwiwar hannu don ya motsa, sai ya ƙare rayuwarsa ba a taɓa shi ba, ga robar kuma tana tsufa ko an taɓa ko ba a taɓa ba, tana yin danƙo, ledar kwalin tana komawa ruwan ɗorawa. A farkon 2023 kamfanin Funko, mai yin 'yan tsanar nan masu ƙaton kai, ya sanar cewa zai zubar da kaya na dala miliyan 30 zuwa 36, saboda kuɗin ajiyarsu ya fi abin da za a samu idan an sayar. Duk mai ɗaukar kantarsa a matsayin asusun ajiya ya kamata ya tsaya a kan wannan adadi. Wasu ƙalilan suna cin riba, ban musa ba, kamar yadda wasu ƙalilan ke cin caca.

Idan mai tarawa ba shi ne ke kwasar ganimar ba, sai a yi zaton wanda ya ƙirƙiro jarumin ne. Nan ne labarin ya fi ɗaci. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu daga birnin Cleveland, sun sayar da Superman da duk haƙƙin mallakarsa a 1938 a kan dala 130. Gaskiya ne sun ci gaba da yi wa kamfanin aiki kusan shekara goma ana biyansu da kyau, amma da suka kai ƙara a 1947 suna neman haƙƙinsu, sai suka rasa aikin, aka kuma cire sunayensu daga mujallar. Shuster ya tsufa cikin talauci idanunsa na mutuwa, Siegel ya koma ƙaramin ma'aikacin ofis. Sai a 1975, lokacin da ake shirin babban fim ɗin Superman kuma 'yan jarida suka taso kamfanin a gaba, aka yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara aka mayar da sunayensu. Bill Finger, wanda ya yi tarayya wajen ƙirƙiro Batman, ya mutu a 1974 ba shi da komai, kuma sai a 2015 aka fara rubuta sunansa a matsayin wanda ya yi aikin tare da Bob Kane.

Jack Kirby ya fi kowa ba ni tausayi. Hannunsa na cikin Captain America, Fantastic Four, Hulk, Thor, X-Men da Black Panther, wato rabin abin da ke kan kantar kowane mai tara jaruman Marvel. Ladan shafi aka biya shi. Ɗaya daga cikin lokuta ƙalilan da ya samu kaso daga cinikin jaruman da ya ƙirƙira shi ne a shekarun 1980, lokacin da DC ya sa shi ya sake fasalin Darkseid da 'yan uwansa don 'yan tsanar Super Powers na kamfanin Kenner. Ya mutu a 1994, magadansa kuma sai a 2014 suka sasanta da Marvel, ana gab da sanin ko Kotun Ƙolin Amurka za ta saurari ƙararsu.

Masu kare kamfanonin suna cewa yarjejeniya yarjejeniya ce, babu wanda aka sa wa wuƙa a wuya, kuma kamfani ne ya zuba jari ya ɗauki kasada a kan jarumai ɗaruruwa da ba su yi kasuwa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Babu wanda ya san abin da Superman zai zama a 1938, har wanda ya saye shi. Sai dai wannan hujja ce ta biyan kuɗi kaɗan a ranar farko, ba hujjar hana kaso ba ce bayan abin ya bunƙasa. Yarjejeniyar da mai neman na abinci ya sa wa hannu a gaban mai kuɗi tana iya zama halal a doka ba tare da ta zama adalci ba.

Wanda ya karanci wannan tarihi ya yi aiki da shi shi ne Todd McFarlane, ɗan ƙasar Kanada. Yana cikin ganiyar shahara da zanen Spider-Man ya bar Marvel, shi da wasu mazana shida suka kafa Image Comics a 1992 a kan ƙa'idar cewa duk wanda ya ƙirƙiri jarumi shi ke da abinsa. Da manyan kamfanonin kayan wasa suka nemi lasisin jaruminsa Spawn amma suka ƙi ba shi ikon faɗin yadda za a sassaƙa shi, sai ya buɗe nasa kamfanin a 1994. Ingancin sassaƙarsa na cikin abubuwan da suka jawo manya cikin wannan kasuwa, har a 2020 ya fara yin 'yan tsanar Batman da Superman da lasisin DC. Ba waliyyi ba ne, domin shi ma marubuci Neil Gaiman ya kai shi kotu a kan wasu jarumai da suka ƙirƙira tare, kuma Gaiman ne ya yi nasara a 2002. Mutum yakan manta zafin zama ma'aikaci da zarar ya zama mai gida. Amma bambancin da ke tsakanin ƙarshen Shuster da na McFarlane ba na baiwa ba ne, na takarda ne.

Wannan ne ya sa nake ganin maganar ta shafe mu, ko da yake masu tara irin waɗannan 'yan tsana ba su da yawa a Najeriya. Matasanmu sun fara ƙirƙirar nasu jaruman. Kamfanin Comic Republic na Jide Martin yana wallafa su Guardian Prime a Legas tun 2013. Kugali ya yi Iwájú tare da Disney a 2024, Iyanu na Roye Okupe kuma ya tashi daga littafi ya zama zane mai motsi a talabijin a 2025. Manyan kamfanonin waje sun fara ƙwanƙwasa ƙofa, kuma a irin wannan yarjejeniya sakin layin da ya shafi 'yan tsana, riguna, jakunkunan makaranta da wasannin bidiyo yakan zo can ƙasa, inda mai ɗokin ganin aikinsa a allo ba ya tsayawa karantawa. Muna da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta dawo wa mutum da abin da ya sayar da hannunsa. Marubutanmu na Hausa da ke miƙa labari ga masu shirya fim a kan kuɗi guda, ba tare da rubutaccen sharaɗi ba, su ma maganar ba ta bar su a baya ba. Ra'ayina shi ne a ba da hayar jarumi na ƙayyadadden lokaci maimakon a sayar da shi, a ware haƙƙin kayan sayarwa daga haƙƙin fim, a rubuta kason maƙirƙiri da lambobi, kuma a biya lauya tun kafin a sa hannu, ba bayan an shekara ashirin ba.

Af, masu tara kayan tarihi ba su bar takardar cinikin Superman ɗin ba ita ma. Cek ɗin da kamfanin Detective Comics ya rubuta wa Siegel da Shuster a watan Maris na 1938, wanda dala 130 ɗin nan ke cikinsa, ya fito kasuwa a 2012, wani ya saye shi a gwanjo a kan dala 160,000.