Taƙaddamar Koyar da Tarihin Wariyar Launin Fata a Makarantun Amurka

A ƙarshen watan Mayu na 1921 gungun fararen fata suka afka wa Greenwood, unguwar baƙar fata masu hali a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, suka kashe mutane, suka ƙone ta ƙurmus. Shekara ɗari bayan haka, a watan Mayun 2021, gwamnan jihar, Kevin Stitt, ya sa hannu a dokar da ta hana malami koyar da cewa ya kamata ɗalibi ya ji kunya ko nauyin laifi saboda launin fatarsa. Jihohin Texas da Tennessee su ma sun kafa irinta a wannan shekara.

Masu goyon bayan dokar suna da hujjar da ba a raina ta: yaron yau bai sayi bawa ba, bai kuma ƙone gidan kowa ba. Sai dai sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, wato ɗora wa mutum laifi da kuma bayyana yadda tsari yake aiki. Alal misali, a shekarun 1930 wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin tarayya ta riƙa shata unguwannin baƙar fata da jan layi a taswira, alamar cewa ba da bashi a can kasada ce. Ba a haramta wariya a harkar gidaje ba sai 1968. To, da yake kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga harajin gidaje yake fitowa, unguwar da aka karya darajarta jiya ita ce yau makarantarta take fama da ƙarancin kuɗi. Malamin da ya warware wannan zare bai zagi kakan kowa ba.

Babban aibin dokar a lafazinta yake. Wa zai auna abin da ya sosa zuciyar ɗalibi? Kalmar da ba ta da iyaka bulala ce a hannun mai ƙorafi, malami kuwa da ya ga abincinsa na rawa sai ya tsallake babin gaba ɗaya. A 2022 an rage wa makarantun Tulsa kansu matsayi bisa zargin karya dokar, a 2024 kuma wata kotun tarayya ta dakatar da wasu sassanta saboda ma'anarsu ba ta fito fili ba.