"Mama, bari in ƙara mata gudu"



Makon jiya ina tsaka da tankaɗe babban ɗana ya leƙo kicin, ya ce, "Mama, ina so in ƙure wa kwamfutar nan gudu." Ta tebur ce da babansu ya saya, kuma a cikinta nake ajiye lissafin adashi da hotunan bikin ƙanwata. Na ce ya dakata sai na gane inda ya dosa.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, tana da iyakar gudun da kamfani ya sa mata. Yaran kan shiga wani shafi da ake kira BIOS kafin Windows ta buɗe, su ɗaga wannan iyakar, galibi don gem ya daina yi musu tsaye-tsaye. A na Intel, masu harafin K a lambarsu ne ke yarda da hakan, na AMD Ryzen kuwa yawancinsu a buɗe suke.

Sai dai ƙarin gudu yakan nemi ƙarin ƙarfin wuta, ƙarin wuta kuma zafi ne. Idan furosesa ta kai wajen digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta lalace. Samarin da ɗana ke kallo a YouTube cikin ɗakuna masu sanyi suke gwajinsu. Mu kuwa a watan Afrilu zafin gari kan kai digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ga wuta da ake kawowa ana ɗaukewa. Ko Intel da kansa, a 2024, ya amsa cewa wuta mai yawa ta illata wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14. In kamfani ya yi tuntuɓe, ina ga ɗan shekara 16? Kuma idan ta ƙone ta wannan hanyar, garanti na iya tashi.

Abin da ya fi tsorata ni ma ba ƙonewar ba ce. RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta, idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta tana iya gurɓata fayil shiru, ba ki sani ba sai ranar da kika nemi lissafin adashi ya ƙi buɗewa. Me zan gaya wa matan unguwa?

Ban hana shi gaba ɗaya ba, don yaron da ke son sanin cikin inji bai kamata a kashe masa gwiwa ba. Da farko ya kwashe min komai a filas guda biyu. Ya buɗe akwatin ya kakkaɓe ƙura. Na yarda ya kunna XMP, tsarin da masu ƙera RAM suka riga suka gwada, wanda ke ɗaga DDR4 daga 2133 zuwa adadin da ke rubuce a kwalinta, namu 3200. Daga nan ya bar manhajar MemTest86 ta yi ta bincike har dare. Lambobin wutar furosesa kuwa, na ce kada hannunsa ya kai can sai ranar da ya sayi tasa.

Ya ɗan kumbura baki, amma gwajin bai nuna kuskure ko ɗaya ba. Ku fa, akwai wadda ɗanta ya taɓa zuwa mata da wannan roƙon? Ku gaya mana yadda kuka ƙare.