Wa Ya Biya Kuɗin Tambarin Nama?

Duk sa'ad da hukuma ta ce za ta kare mai saye, ku tambaye ta wa zai biya. A 2009 Amurka ta soma aiki da dokar da ta tilasta rubuta ƙasar asalin nama a jikin ƙunshinsa. Magana mai daɗin ji, amma ina aka kwana? Saniyar da aka haifa a Kanada ko Meksiko, in za a yanka ta a Amurka, tilas a ware ta, a ware namanta, a cike mata takardu. Masu mayanka suka rage sayen irin waɗannan shanu, ko kuwa su taya su da araha. Makiyayan maƙwabta suka yi asara, kuɗin ɗawainiya kuma ya hau kan mai cefane.

Ƙasashen biyu suka kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta ba su izinin ramuwa da harajin kimanin dala biliyan 1 a shekara. A Disamba 2015 majalisar Amurka ta janye dokar a kan naman shanu da alade.

Sanin asalin abinci haƙƙi ne. Amma kada a fake da guzuma a harbi karsana, a gina katangar ciniki da kuɗin tukunyar talaka!